Kwamfuta ce ko Konsol? Rigimar Suna a Ƙarƙashin Talabijin

A watan Nuwamba na 2025 kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya nuna wa duniya wani ɗan baƙin akwati da za a ajiye a falo a jona da talabijin, ya raɗa masa suna Steam Machine. Inji ke nan kawai. Babu kwamfuta a sunan, babu konsol. Nan da nan 'yan gem suka yi masa laƙabi da GabeCube, suka haɗa sunan shugaban kamfanin, Gabe Newell, da na GameCube, tsohuwar na'urar Nintendo ta 2001. Da wasa suka yi, amma sun tono tsohuwar gardama.

Yaran gidan gem a wajenmu ba su da wannan ciwon kai. Duk abin da aka jona da talabijin aka riƙe masa ped, sunansa gem ko PS, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo.

Su kamfanonin kuwa, kasuwa ce ke raɗa musu suna. A 1983 Nintendo ta fitar da Famicom a Japan, gajartawar "kwamfutar iyali". Da za ta shiga Amurka a 1985, ta tarar kasuwar wasannin bidiyo ta durƙushe, masu shaguna ba sa son ko jin sunan. Sai ta cire kwamfuta daga sunan, ta kira shi NES, na'urar nishaɗi, ta kuma sake masa ƙira ya koma kamar bidiyon kaset. Hanjin dai ɗaya ne.

Sony ta bi hanyar a juye. Ta raba PlayStation 2 a Turai tare da faifan Yabasic na rubuta manhaja, don ta nuna wa jami'an kwastan cewa kwamfuta ta shigo da ita, kuɗin fito ya sauka. PlayStation 3 ma da farko tana karɓar Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta, har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta yi babbar kwamfuta da su a 2010, shekarar da Sony ta toshe wannan ƙofar. Xbox kuwa sunanta ya tona asirinta: daga DirectX aka samo shi, manhajar wasanni ta Windows. Tun daga 2013 ma, ita da PlayStation duk ƙwaƙwalwar AMD suke ɗauke da ita, irin ta kwamfutar ofis.

To ina bambancin? A ganina yana wajen wanda ke riƙe da makulli. Konsol kwamfuta ce da mai ƙera ta ya kulle: daga shagonsa ake sauke wasa, shi ke karɓar kasonsa, kuma yawancin wasanni sai ka biya kuɗin wata kafin ka kara da wani ta intanet. Ladan wannan kulle shi ne kwanciyar hankali, ka kunna ka buga. Akwatin Valve a buɗe yake, kana iya cire SteamOS, manhajar da ya zo da ita, ka ɗora Windows in ka ga dama. Saboda haka kwamfuta ce, ko da a gefen dikoda aka ajiye ta.

Sai dai buɗewar ba ta zo kyauta ba. SteamOS a kan Linux aka gina shi, kuma manhajar hana maguɗi ta wasu manyan wasanni ba ta yarda da Linux. Fortnite ba ya tashi a kansa, haka ma EA Sports FC, wanda har gobe yara FIFA suke ce masa. Wanda ƙwallo ce ta kai shi kasuwa, ya sayi PlayStation ɗinsa ya huta.