BABI NA UKU: KANAR TOM PARKER DA SANA'AR TALLATA KIƊAN KARKARA A AMURKA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi rayuwar Kanar Tom Parker, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana tallata mawaƙa a ƙasar Amurka, alhali shi bai taɓa rera waƙa ko kaɗa wani abin kiɗa a dandali ba. Abin da ake son nunawa shi ne, dabarun da ya yi amfani da su wajen ɗaukaka mawaƙan kiɗan karkara, wato kantiri, ya samo su ne daga ayarin 'yan wasa masu yawo gari-gari, kuma waɗannan dabaru ne suka amfani mawaƙansa da farko, daga baya suka zame musu ƙarfen ƙafa.

3.1 Asalinsa da Shigarsa Ayarin 'Yan Wasa

An haifi Parker a garin Breda na ƙasar Holan ranar 26 ga Yuni, 1909, kuma sunansa na yanka Andreas van Kuijk. A shekarar 1929 ya shiga Amurka ba tare da takardun izini ba, ya sauya suna, ya shiga soja, ya riƙa cewa shi haifaffen jihar West Virginia ne. Wannan ɓoyon asali yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya.

Bayan ya bar soja sai ya bi ayarin 'yan wasa. A wancan zamani irin waɗannan ayarori kan yi tafiya a jirgin ƙasa, su sauka a gari su kafa tantuna, su yi 'yan kwanaki suna nuna dabbobi da wasannin ban mamaki, sannan su kwashe su nufi gaba, idan sanyi ya shigo su koma birnin Tampa na jihar Florida. A nan ne Parker ya koyi aikin share fage, wato ya riga ayari isa gari, ya manna takardun talla, ya shawo kan 'yan jarida da hukumomi, ta yadda kafin a kafa tanti labari ya game ko'ina. Darasin da ya ɗauka shi ne, kuɗin ƙofa kaɗai ba ya isa, dole ne wanda ya shigo ya sayi wani abu kafin ya fita.

3.2 Zamaninsa da Mawaƙan Karkara

Kiɗan karkara ya bunƙasa ne ta hanyar rediyo, musamman shirin Grand Ole Opry da gidan rediyon WSM na birnin Nashville ya fara a 1925. Sai dai abin da mawaƙi ke samu daga rediyo kaɗan ne, abincinsa yana kan hanya. Saboda haka a shekarun 1940 mawaƙan shirin kan zagaya ƙauyukan kudancin Amurka suna wasa a cikin tanti, su dawo Nashville ranar Asabar. Wannan fage kuwa Parker ya san shi ciki da waje.

A 1945 ya zama manajan Eddy Arnold a kan la'adar kashi 25 cikin ɗari. Ya nema masa shirye-shiryen rediyo da kamfanin Purina mai sayar da abincin dabbobi ya ɗauki nauyi, ya kuma shigar da shi fina-finai biyu. A wurin wasa, shi da kansa yakan bi layi yana sayar da hotuna da littattafan waƙoƙin Arnold. A 1948 gwamnan jihar Louisiana, Jimmie Davis, wanda shi ma mawaƙin karkara ne, ya ba shi laƙabin Kanar na girmamawa. Ba a fagen daga ya samo shi ba, amma ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Arnold ya sallame shi a 1953.

Daga nan ya haɗa gwiwa da mawaƙi Hank Snow a kamfanin Jamboree Attractions mai shirya rangadi. A 1955 suka saka wani matashi mai suna Elvis Presley cikin rangadinsu, a matsayin ƙaramin mawaƙin karkara. A watan Nuwamba na shekarar Parker ya shirya cinikin da kamfanin RCA ya sayi kwantiragin Presley daga Sun Records a kan dala 35,000. Snow ya ɗauka yana da rabo a cikin yaron, sai ya wayi gari ba sunansa a takarda.

3.3 Inda Dabarar Ta Gaza

Babu shakka Parker ya kai Presley inda ba mawaƙin karkarar da ya taɓa kaiwa, amma tunaninsa bai wuce na mai tanti ba, wanda ke son kuɗi a hannu yau don gobe ayari zai tashi. A 1967 ya ɗaga la'adarsa zuwa rabi a kan wasu harkoki. A 1973 ya sayar wa RCA haƙƙin tsofaffin faya-fayan Presley a kan dala miliyan 5.4, cinikin da ya hana magada ribar waƙoƙin da suka fi kasuwa. Haka kuma, ban da wasannin da ya yi a birane uku na Kanada a 1957, Presley bai taɓa yin wasa a wajen Amurka ba. Masu nazari da dama na danganta hakan da cewa manajansa ba shi da fasfo, kuma yana tsoron idan ya fita a hana shi dawowa.

Bayan rasuwar Presley a 1977, wata kotu a Memphis ta naɗa lauya Blanchard Tual ya binciki hulɗar, rahotonsa kuma ya soki Parker ƙwarai. An sasanta shari'ar a 1983. A cikin wannan shari'a ne ya amsa cewa shi ba haifaffen Amurka ba ne. Ya ƙarasa rayuwarsa a Las Vegas, inda ya rasu ranar 21 ga Janairu, 1997, yana da shekara 87.