BAƘIN DA SUKA ZO BA SANARWA: YADDA MASU BI SUKA KARƁI 'YAN GUDUN HIJIRA A 2014

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, 11:19-30

Yau za mu waiwaya baya kaɗan, mu tuna da wani abin da ya faru a ƙasarmu, wanda da yawa daga cikinmu suka gani da idonsu. Yaran da aka goya a baya aka gudu da su a shekarar 2014, yanzu sun girma. Idan ba mu faɗa musu ba, ba za su san wanda ya buɗe wa iyayensu ƙofa ba. Mu ma idan muka manta, ranar da wani baƙo zai tsaya a ƙofarmu ba za mu san abin yi ba.

Inda labarin ya fara

A ranar 17 ga watan Maris 1923, waɗansu masu bishara biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga wannan ƙaramin taro ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito, wadda muka sani da EYN. Bishara ta bazu cikin Bura da Margi da Kibaku da Kamwe da Kilba da sauran kabilun wannan yanki, aka gina majami'u da makarantu da asibitoci. Daga baya aka kafa hedkwatar ikkilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi, inda makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Kulp take.

Wannan ƙasa ce rikicin Boko Haram ya fi ci. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, yawancinsu kuwa 'ya'yan membobin EYN ne. A watan Agusta Gwoza ta faɗa hannun 'yan bindiga, sai Madagali, sai Michika a watan Satumba. A ranar 29 ga Oktoba suka shiga Mubi, suka kuma kama Kwarhi. Shugabannin ikkilisiya da malamai da ɗalibai suka watse cikin daji tare da sauran jama'a.

Ku tuna, lokacin kaka ne. Masara da dawa da gyaɗa suna gona, sun nuna, ba mai girbi. Mutumin da jiya yake da rumbu da shanu ya wayi gari da rigar jikinsa kaɗai. Waɗansu suka hau duwatsu. Waɗansu suka ƙetare iyaka zuwa Kamaru, inda aka riga aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo tun 2013. Da yawa kuma suka nufi Yola, tafiyar kusan kilomita 200 daga Mubi, waɗansu a mota, waɗansu a ƙasa, tsofaffi da masu ciki da jarirai. Akwai waɗanda suka mutu a hanya. Akwai iyayen da suka iso ba su san inda 'ya'yansu suke ba.

Wa ya fara buɗe ƙofa?

Idan ana maganar 'yan gudun hijira, abin da yakan zo mana a rai shi ne sansani, da tantuna, da manyan motocin ƙungiyoyin agaji. Waɗannan sun zo, sun kuma yi aiki, muna gode wa Allah dominsu. Amma gaskiyar tarihi ita ce, mafi yawan waɗanda suka gudu ba su kwana a sansani ba. A gidajen mutane suka sauka. Dubban ɗaruruwa ne suka shiga Yola da Jimeta cikin 'yan makonni, talakawan gari ne kuma suka ɗauki nauyin yawancinsu. Ma'aikaci mai ɗaki biyu ya karɓi danginsa, da dangin matarsa, da waɗanda suka biyo su domin garinsu ɗaya. Maza suka kwana a waje, mata da yara suka cika ɗakuna. Tukunyar da aka saba ɗorawa domin mutum shida ta koma ta mutum talatin.

Bayan gidaje sai majami'u. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza na ɗarikar Katolika, wanda shi kansa ɗan Bazza ne a ƙasar Michika, ya buɗe harabar babbar majami'ar St. Theresa. Dubban mutane suka cika wurin, azuzuwan makaranta suka zama ɗakunan kwana. Ba a tambayi kowa ɗarikarsa a bakin ƙofa ba. Majami'un EYN da na Lutheran da na sauran ɗarikoki su ma suka cika. Jami'ar Amurka da ke Yola ta haɗa kai da shugabannin Kirista da na Musulmi na jihar, aka yi ta rarraba abinci ga kowa. Dole ne mu faɗi wannan, gama Musulmi da yawa su ma an kore su daga garuruwansu, an kashe nasu, maƙwabta Musulmi kuma sun saukar da baƙi kamar yadda masu bi suka yi.

Su wane ne suka yi aikin? Ba ma'aikatan albashi ba ne. 'Yan Zumuntar Mata ne suka hura wuta tun da asuba, suka tattara zannuwa da tabarmi da sabulu. Matasa ne suka ɗebo ruwa, suka haƙa masai, suka rubuta sunayen iyalai a littafi domin a san wanda ya ɓace. Malaman makaranta, waɗansunsu su ma 'yan gudun hijira ne, suka tara yara a gindin itace. Ma'aikatan jinya suka zo bayan sun tashi daga aiki. A majami'u na nesa aka yi baiko na musamman, mai kwanon masara ya kawo, mai tsohuwar riga ya kawo.

Shugabannin EYN suka koma Jos na ɗan lokaci, 'yan'uwansu na TEKAN da sauran ikkilisiyoyi suka karɓe su. A nan ne muka ga amfanin wannan harshe da muke magana da shi. Bamargiya ta sauka a gidan mutumin Birom. Ba ta jin yarensa, shi ma ba ya jin nata. Amma sun iya gaisawa da Hausa, sun buɗe Littafi Mai Tsarki iri ɗaya, sun yi addu'a tare kafin cin abinci.

Bayan makon farko

Karɓar baƙo na kwana uku abu ne mai sauƙi. Amma idan kwana uku suka zama wata uku, wata uku suka zama shekara uku, sai ƙauna ta shiga gwaji. Abinci ya ƙare. Kuɗin haya ya hau. Yaran gida da yaran baƙi suka fara faɗa, iyaye suka shiga. A wurin rabon kaya aka fara gunaguni, wannan yana cewa an fifita 'yan garin wancan. Kada mu ɓoye waɗannan abubuwa, gama sun faru, kuma ba sababbi ba ne.

Dubi Ayyukan Manzanni sura 6. A ikkilisiyar farko ta Urushalima, masu jin Helenanci suka yi ƙara cewa ana tsallake gwaurayen matansu wajen rabon abinci na kullum. Matsalar yare ce, irin tamu. Manzanni ba su tsawata wa masu ƙarar ba, ba su kuma ce a yi shiru domin kada sunan ikkilisiya ya ɓaci ba. Suka sa jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin. In ka duba sunayen mutanen nan bakwai, za ka ga sunayen Helenanci ne dukansu. Wato an danƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Duk kwamitin agaji na ikkilisiya ya kamata ya koyi wannan: a sa baƙin da kansu cikin masu rabo, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma karanta a gaban jama'a.

Waɗanda suka yi dogon tunani sun gane cewa buhun shinkafa yana ƙarewa, amma gona ba ta ƙarewa. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa kusa da Abuja, wani ma'aikacin EYN, Markus Gamache, da abokan aikinsa suka sami fili, suka kafa ƙauye inda iyalan Kirista da na Musulmi suka gina gidaje da hannunsu, suka zauna tare, suka yi noma. A Yola kuma, waɗansu iyalai sun zauna a harabar St. Theresa shekara da shekaru domin ba su da wurin komawa. A 2021 aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, tare da makaranta da majami'a. Bishop Mamza ya gina wa Musulmin da ke cikinsu masallaci. Waɗansu masu bi ba su ji daɗin wannan ba, suka yi magana. Amma mutanen nan tare suka gudu, tare suka sha wahala a harabar majami'a, bai ga dalilin da zai sa a raba su a ranar samun gida ba.

Akwai kuma wani aiki da ya fi rabon abinci wuya. Matan da suka kuɓuto daga hannun 'yan bindiga, waɗansu da ciki, waɗansu da goyo, sun dawo sun tarar danginsu suna jin tsoronsu, ana nuna 'ya'yansu da baki. Dokta Rebecca Dali, matar shugaban EYN na lokacin, Fasto Samuel Dali, ita ma ta gudu daga Kwarhi kamar kowa. Duk da haka ita da ƙungiyarta suka bi irin waɗannan mata, suka kula da su, suka yi ta roƙon iyalai su karɓi 'ya'yansu. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a birnin Janiba saboda wannan aiki. 'Yar gudun hijira ce ta zama mai taimakon 'yan gudun hijira.

Abin da Allah ya yi da warwatsuwa

Wannan ya kai mu ga karatunmu na biyu. Su wane ne suka kafa ikkilisiyar Antakiya? Waɗanda tsanani ya kora daga Urushalima ne bayan an kashe Istifanas. 'Yan gudun hijira ne. A garin da suka sauka ne aka fara kiran almajirai Kirista. Da yunwa ta zo a zamanin Kalaudiyas, wannan ikkilisiya ce ta tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ta aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Waɗanda aka taimaka jiya suka zama masu taimako yau.

Haka muka gani a ƙasarmu. Sojoji sun karɓe Mubi kafin ƙarshen 2014, Gwoza kuma a watan Maris 2015. Mutane da yawa suka koma suka tarar da toka, suka yi sujada a ƙarƙashin itatuwa kamar yadda aka fara a Garkida. Waɗanda ba su koma ba suka kafa sababbin majami'u a garuruwan da suka sauka. Wahala ba ta ƙare gaba ɗaya ba, gama a watan Fabrairu 2020 an sake kai wa Garkida hari, aka ƙone majami'u. Amma hedkwata ta koma Kwarhi, a 2023 kuma ikkilisiyar ta yi bikin cika shekara 100.

Ya ɗan'uwana, ya 'yar'uwata, labarin bai tsaya a Adamawa da Borno ba. A 2023 mutanen Mangu sun gudu daga ƙauyukansu, a daren jajibirin Kirsimeti na wannan shekara kuma aka auka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Binuwai da Kudancin Kaduna sun ga irin wannan sau da yawa. Wanda ya saukar da baƙo bara, yana iya zama baƙo bana. Ubangijinmu da kansa an gudu da shi Masar yana jariri, wani ne kuma ya ba Yusufu da Maryamu wurin kwana a can, ko da yake ba a rubuta sunansa ba.

Saboda haka kada ku jira sai ranar ta zo. Ku zauna a gida, mai gida da uwargida da yara, ku yi shawara: in baƙi suka zo, wane ɗaki za mu ba su? A lokacin girbi, ikkilisiya ta keɓe 'yan buhuna a ajiye. Ku duba cikin unguwarku, wataƙila akwai gwauruwar da ta zo tun shekarun baya, har yanzu ba wanda ya ba ta aron gona ko ya tambayi kuɗin makarantar ɗanta. Ku je ku gaishe ta a wannan mako, ku tambayi sunan garinsu, ku zauna ku saurara.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka buɗe ƙofofinsu a ranar wahala, waɗanda kai kaɗai ka san sunayensu. Ka ta'azantar da waɗanda har yanzu ba su koma gida ba. Ka ba ƙasarmu salama. Ka ba mu zuciyar da ba ta gajiya da baƙo. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.