Daga Giya Zuwa Ƙirga: Tarihin Yanka Zaren Noti da Rabon Ojo

A wurinmu masu aiki da injin fere ƙarfe, ba a sanin gwani sai an zo yanka zaren noti. Sandar da ke juya ƙarfe da wuƙar da ke cinsa dole su tafi tare: idan zaren milimita 1.5 ake so, duk juyi ɗaya wuƙa ta matsa milimita 1.5, ba ƙari ba ragi, kuma in ta dawo yanka na biyu ta faɗa cikin ramin farko. Tarihin sana'ar nan kusan duka tarihin warware wannan matsala ne. Wajen 1800, Henry Maudslay na Landan ya gyara injin da ke ɗaure sandar juyi da mariƙin wuƙa ta hanyar giyoyi, in an canja giya zare ya canja. A 1841 Joseph Whitworth ya fito da ma'auni ɗaya, yadda notin wannan maƙeri zai shiga ƙarfen wancan. Irin waɗannan injuna ne suka yi aiki a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Ebute Metta, kuma jikokinsu ne ke cikin shagunanmu har yau.

A 1952 jami'ar MIT ta Amurka ta nuna injin da ke karɓar umarni daga takarda mai huda-huda. Daga nan hanya ta buɗe ta cire giyoyi a bar wa kwamfuta jan wuƙa. Sai dai kwamfuta ba ta ganin sandar juyi, don haka aka buƙaci maƙirgin juyi. Aikinsa ba ɓoyayye ba ne. Faifai ne mai tsaga-tsaga a gefe, a ɗaure a jikin sandar, yana wucewa ta tsakanin fitila ƙarama da idon lantarki. Duk tsagar da ta wuce, bugu ɗaya. Ido na biyu, da aka ɗan gusar da shi, yana nuna ko gaba ake juyi ko baya, na uku kuma yana kallon tsaga guda da ke nuna mafarin kowane zagaye, wadda ita ke mayar da wuƙa ramin farko. Faifai mai tsaga 60 da ido biyu yana ba da ƙirga 240 a kowane juyi, wato a zaren milimita 1.5 kowace ƙirga ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba.

Najeriya ta nemi shiga wannan fage ta babbar ƙofa. An kafa kamfanin ƙarfe na Ajakuta a 1979, aka kafa kamfanin ƙera injuna na Oshogbo a 1980 tare da kamfanin HMT na Indiya, da niyyar ƙarfen wancan ya ciyar da wannan. Ajakuta bai kai ga narka tama ba, sannan karyewar darajar naira daga 1986 ta sa sabon inji ya fi ƙarfin ƙaramin maƙeri, muka koma kan tokumbo. A daidai lokacin ne ilimin ya yi araha a waje. A shekarun 1990 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta rubuta manhajar sarrafa injuna ta sake ta ga jama'a, ita ce ta zama LinuxCNC, wadda tsohuwar kwamfuta ke iya ɗauka. Abin da ya rage shi ne kayan haɗi, kuma yankin Ojo na Legas na cike da su. Kasuwar Alaba da ke can na karɓar tsofaffin kayan lantarki kwantena-kwantena, kuma yawancin masu farfasa matattun kayan a kewayenta 'yan gwangwan ne daga Arewa. A cikin tsohuwar firinta akwai idon lantarki mai tsaga, wasu ma har da faifan ƙirga. Ana ciro tagulla a sayar a kan sikeli, idon kuma a watsar da shi a bola.

Wani zai ce me ya kai mu wahalar haɗa maƙirgi a gida da waɗannan kaya, alhali na Sin yana nan a kasuwa? Gaskiya ne, kuma wanda ya samu ya saya. Amma sandar injin fere ƙarfe rami gare ta, don dogon ƙarfe ya ratsa, shi ya sa na kanti yakan buƙaci bel da mazauni, faifan gida kuwa ana yanka shi daidai da bakin sandar. Wani zai ce na gida ba zai yi daidai ba. Kuskurensa sananne ne: faifan da bai zauna a tsakiya ba, tsagar da ba a raba daidai ba, ƙura da mai a kan ido, da wayar da ta bi kusa da ta wutar inji tana kwaso bugun ƙarya. Duk waɗannan mai injin fere ƙarfe ya fi kowa iya maganinsu. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne wuta, domin ɗaukewarta a tsakiyar yanka tana lalata aiki. Wannan ba ya sa a fasa; yana sa a ware wa kwamfuta batir, kamar yadda masu shagunan Alaba suka daɗe suna yi.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne rabon aiki. Yaron da ya iya ware firinta cikin mintuna ya riga ya san cikinta fiye da mai sayar da ita, amma an tsayar da shi a matakin sikeli. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa a Ojo da Agege suna da ƙarfin haɗa irin waɗannan yara da masu shagunan fere ƙarfe, a tanadi tsohon inji ɗaya da kwamfuta ɗaya don koyo. Wanda ya haɗa maƙirgi da hannunsa ya fahimci yadda inji ke ji da motsin kansa, kuma daga ranar ba zai bar inji ya kwanta watanni yana jiran injiniya daga waje ba.