Kwaikwayo da Zane da Ka: Waiwaye a kan Tarihin Koyon Zane a Ƙasar Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata muhawara da ta daɗe tsakanin malaman zane, wato ko ɗalibi ya kamata ya koyi zane ta hanyar kwaikwayon abin da aka ajiye a gabansa, ko kuwa ya fito da shi daga cikin kansa. A ganinmu, Bahaushe bai taɓa raba waɗannan hanyoyi biyu ba.

Hujja ta farko tana makarantar allo. Ko a Gusau, ko a Tsafe, ko a Bunguɗu, tsarin ɗaya ne. Malam ne ke fara rubuta wa yaro a allo. Daga baya almajiri ya riƙa kwafa da kansa yana duban Alƙur'ani, ya wanke, ya sake. Idan hadda ta zauna sai ya shiga satu, wato rubutu da ka ba tare da dubawa ba, kuma a bisa al'adar tsangaya, rubuta Alƙur'ani da ka shi ne ma'aunin ƙwarewar mahaddaci. Zayyanar allon sauka ta bi wannan sawu: mai zayyana ya kwaikwayi ta malaminsa har siffofin suka zauna masa, sa'an nan ya soma sauya launi da tsari. Bambancin kawai shi ne, nassi ba ya karɓar ƙari ko ragi, zayyana kuwa tana karɓa.

Haka abin yake ga ɗinkin babbar riga. Kafin allura ta taɓa ƙyalle, mai zane ne ke fitar da aska biyu ko aska takwas da alƙalami da tawada, galibi ba da wani samfuri a gabansa ba. David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin Hausa a Zariya, ya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Raba hanyoyin biyu ya zo ne da makarantar boko. A kwalejin Zariya, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an koyar da zane bisa tsarin Ingila: a ajiye abu ko mutum, ɗalibi ya duba ya zana. A 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta nemi a gwama fasahar Turawa da ta gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo. Abin mamaki, a cikin birnin Zazzau, kusa da su, magina da masu zanen riga suna nan suna aikinsu da ka.

Matakin hadda ne ke cikin haɗari a yau. Mai son riga yakan kawo hoto a wayarsa, keken ɗinki mai kwamfuta kuma ya fitar da zanen daidai wa daida. Yaron shago zai iya shekara yana sarrafa keken, bai taɓa zana aska takwas da hannunsa ba.