Ƙafewar ruwa a gabashin Sakkwato: daga madatsar Goronyo zuwa tankin kifi

A yankin Wurno da Rabah da Goronyo, ruwan sama yakan sauka ne daga watan Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin kuwa rana da iska ne ke ɗibar rabonsu daga duk wani ruwa da ke buɗe.

Lamarin ya fi tsanani daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ko da yake busasshiyar iskar hunturu ma na shan ruwa fiye da yadda mutane ke zato.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Rima, an gina ta ne domin ta riƙe fiye da kubik mita miliyan 900. A 2018 ruwanta ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100, abin da ya jefa manoman rani da mazauna birnin Sakkwato cikin fargaba. Ƙarancin damina da cushewar yashi na cikin dalilan da aka bayar.

Lissafin asara

Abin da ke faruwa a madatsa shi ne ke faruwa a tankin siminti ko na roba da ake kiwon kifi a cikin gida, sai dai a nan asarar ta fi saurin bayyana.

Duk milimita 1 da ruwa ya sauka a faɗin murabba'in mita 1, lita 1 ce ta tafi. Idan tanki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 yana sauka da milimita 8 a rana, lita 48 ke nan. A makonni 2 asarar ta doshi lita 670. Wanda ya tafi aikin Hajji na wata guda zai tarar da ta ninka.

Raguwar ruwan ba ita ce babbar illar ba. Tururi yakan tafi ne ya bar gishiri da dattin kifi a baya, sai gubar da ke cikin ruwan ta ƙara kauri. Ruwa kaɗan kuma ya fi saurin ɗaukar zafi, ruwan zafi kuwa ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa.

Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa take jurewa. Karfasa ba ta da wannan gata.

Kafin a kama hanya

Inuwa ce matakin farko. Rumfar zana ko ta karan dawa tana rage zafin rana, idan kuma aka kewaye gefen da iska ke kaɗowa, an toshe hanya ta biyu. Inuwar bishiya ba ta kai rumfa ba, domin ganyen da ke zuba yana ruɓewa a cikin ruwan.

Tanki mai zurfi ya fi mai faɗi riƙe ruwa, tun da ta sama kawai yake tsiyayewa.

Akwatin gilashi na kifin ado yana buƙatar murfi, amma a bar 'yar kafa. Rufe shi ruf da leda kan tare ruwan, ya kuma shaƙe kifin. A kuma janye shi daga bakin taga.

Hukumomin birnin Los Anjalis na Amurka sun bi wannan dabara ta rufe fuskar ruwa, inda a 2015 suka kammala zuba ƙwallayen roba miliyan 96 a wata madatsarsu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na abinci. Wanda aka bar wa amana yakan zuba da yawa don tausayi, ragowar ta ruɓe. Manyan kifaye na iya yin kwanaki da dama ba su ci ba. Ya fi dacewa a auna masa na kowace rana a ƙulli dabam, a ja layi a jikin tankin inda zai riƙa cikawa, da ruwan da ya kwana a buɗe idan na famfo ne.