Tarihin Wankan Jego a Gefen Dajin Rugu

Duk wanda ya tashi a Babban Duhu, ko wani ƙauye na ƙasar Safana da Batsari, ya san da ciki ya tsufa aikin maigida shi ne tara itacen jego. Ran da aka sauka kuwa, sai a girka babbar tukunya, ruwa ya tafasa. Ungozoma ko gwaggo ta tsoma damin ganyen tsamiya ko sabara, ta riƙa fyaɗa wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in. Bayan wanka a ba ta kunun kanwa da ƙauri, sa'an nan ta kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Hikimar magabata ita ce jikin mai haihuwa ɗanye ne, in ba a gasa shi ba sanyi zai shige shi. Ga kuma hutu, domin a kwanakin nan ba daka, ba ɗaukar ruwa.

Al'adar daɗaɗɗiya ce. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarinta a ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954. Amma ganyen da aka fi wankan da shi yanzu, watau darbejiya, baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya, kuma a zamanin Turawa aka fara dasa shi a Barno, wajen 1928, kafin ya bazu. Ashe ita ma al'ada tana karɓar baƙo.

Tana kuma karɓar gyara. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga binciken da suka yi a asibitin koyarwa na Zariya kan mata 224 da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, suna kumburi da haki. Sun danganta abin da gishirin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, da tsananin zafi da ke ƙara wa zuciya nauyi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a sirka ruwan, a rage kanwa.

Dajin Rugu, inda ake samo itacen da ganyen, 'yan bindiga sun mai da shi maɓoya, ƙauyuka da dama sun watse. Tsofaffin da suka san ganyen da ya dace da kowane jiki suna ta ƙarewa, wasunsu a gudun hijira.

To, 'yan'uwa marubuta, kafin ka rubuta cewa jarumarka ta haihu an yi suna, nemi tsohuwa ka zauna gabanta da alƙalami. Tambaye ta ganyen da aka yi mata wanka da shi, da wanda ya ɗebo shi. Allah ya sa mu dace.