Fedar Wah: Yadda Jita Ta Koyi Magana

Mu da muka tashi a cikin ganuwar Zariya mun saba jin kalangu yana kiran sunan mutum, mai sunan ya waiwayo. Makaɗi ne ke matse tsirkiya a hammata, sauti ya hau ya sauka kamar harshenmu. Maƙalar wannan mako a kan wata na'ura ce da ta ba jitar lantarki irin wannan baki.

Sunanta wah. Feda ce da ake takawa kamar totur ɗin mota. Wani injiniya, Brad Plunkett, ya haɗa ta a 1966 a kamfanin Thomas Organ da ke Kalifoniya, ta shiga kasuwa a 1967 da tambarin Vox. An yi zaton masu busa ne za su saya, shi ya sa aka liƙa mata sunan Clyde McCoy, mabushin da ke toshe bakin ƙahonsa yana buɗewa. Sai 'yan jita suka karɓe ta.

Aikinta ya bambanta da na kalangu. Kalangu yana sauya hawa da saukar sauti, ita kuwa wasali take sauyawa. In aka danna dunduniya sai sautin ya dushe kamar "u", in aka danna yatsu ya buɗe kamar "a". Daga nan sunan ya fito.

Jimi Hendrix ya ɗaukaka ta da "Voodoo Child (Slight Return)" a 1968, Eric Clapton da "White Room" a shekarar, sannan kiɗan fim ɗin Shaft na Isaac Hayes a 1971. Bayan yaƙin basasa ta shiga hannun matasan Najeriya, irin su BLO da Ofege a Legas da Funkees a Aba.

Dunlop ya sayi sunan Cry Baby a 1982, har gobe yana ƙera sababbi. Amma masoya sun fi neman tsofaffin da aka yi a Italiya, saboda wani ɗan naɗin waya da ke cikinsu mai suna Fasel, wanda suke cewa muryarsa ta fi kama da ta mutum.

Ga abin da ya shafe mu. Na'urar da shekarunta ba su fi na iyayenmu ba, an rubuta wanda ya ƙera ta, da shekarar, har da sunan wayar cikinta. Kalangu da algaitar Ƙofar Fada sun girme ta nesa, amma tarihin masassaƙansu yana bakin dattawa, su kuma suna ta tafiya. Kafin mako mai zuwa, kowa ya nemi makaɗi ɗaya a unguwarsu, ya tambaye shi wa ya sassaƙa gangarsa, da wane itace, da fatar me. Ku kawo mana abin da kuka samo.